Sharhi: De'Longhi Dedica, ƙaramin injin esfireso na gida da irin kulawar da yake so

De'Longhi Dedica EC685 siririn inji ne na haɗa esfireso, wato kofi mai kauri da ake matsowa da ƙarfin famfo, na kamfanin Italiya, faɗinsa santimita 15 kacal, nauyinsa kilo huɗu da ɗoriya. Tankin ruwansa na ɗaukar lita 1.1, yana jan wuta kusan wat 1,300, kuma cikin daƙiƙa 40 ko kusa da haka ya yi zafin aiki. A ganina ya cancanci kuɗinsa ga gidan da ake shan kofi biyu zuwa huɗu a rana, da sharaɗi biyu: a haɗa shi da injin niƙan kofi na ƙwarai, a kuma kula da ruwan da ake zuba masa. Wanda ya kasa cika waɗannan biyun, gara ya tsaya a kan tukunyar gahawarsa.

Kafin maganar ɗanɗano, a duba wuta. Wanda aka ƙera don kasuwar Amurka bolt 120 yake ci, namu kuwa 220 zuwa 240 ne, jona shi kai tsaye ƙona shi ne. A karanta rubutun da ke gindin injin, musamman idan na gwanjo ne ko tsaraba. Na kasuwar Ingila fulogi mai ƙafa uku gare shi, ya dace da soket ɗin Najeriya. Na Faransa ya dace da Nijar. Ƙaramin janareta irin na masu cajin waya ba zai ɗauke shi ba. Inbata mai kVA 1.5 ma da ƙyar, domin abin da take bayarwa na haƙiƙa bai cika wuce wat 1,200 ba, sai dai mai kVA 2 zuwa sama. Inda wuta ke hawa da sauka, a sa masa sitabilaiza, don akwai allon lantarki a cikinsa, kuma shi ne farkon abin da mugunyar wuta ke kashewa.

A jikin kwalin an rubuta bar 15, wato ƙarfin matsin famfonsa. Wannan lamba ta talla ce. Esfireso a matsin bar 9 ake haɗa shi, da ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96, kuma haka aka saba tun bayan da injin Faema E61 mai famfon lantarki ya fito a Italiya a 1961. Bar 15 iyakar ƙarfin famfon ne, ba abin da garin kofi ke buƙata ba. Don haka kada wani ya ƙara kuɗi saboda ya ga an rubuta bar 19 ko 20 a wani injin.

Inda magana take shi ne 'yar rariyar ƙarfen da ake zuba gari a ciki, wadda ke zama cikin mariƙi, wato hannun da ake murɗawa a jikin injin. Dedica na zuwa da guda uku masu faɗin milimita 51: ta kofi ɗaya, ta biyu, da ta ƙunshin kofi na takarda. Dukkansu masu gindi biyu ne. Idan ka kifa su za ka ga ƙofa ɗaya tak, kamar tsinin allura. Ta nan ake matso kofin, shi ya sa ko da garin kanti ne wanda aka niƙa wata shida da suka wuce, sai ka ga kumfa ta hau kai. Kumfar ado ce, iska ce aka kaɗa. Ga mai koyo rufin asiri ne, domin ba ya kunyata gaban baƙi. Amma kofin yakan fito tsululu, ba shi da kauri a baki.

Maganin abin mai araha ne. A sayi rariya mai gindi ɗaya, mai ɗaruruwan ƙananan ƙofofi, milimita 51, tare da mariƙin da ya dace da ita. A lura, mariƙin Dedica kunne uku gare shi, mai kunne biyu ba zai shiga ba. A sayi madaɓin ƙarfe na danne gari mai faɗin 51 ɗin, domin na robar da ke cikin kwali cokalin awo ne kawai aka yi wa gindi. Sai sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram.

Da zarar an koma rariya mai gindi ɗaya, garin ne kaɗai ke tare ruwa, nan ne injin niƙa ke nuna kansa. Mai wuƙa, irin na niƙan kayan yaji, ba ya yi: wani ɓangaren ya zama ƙura, wani tsaki, ruwa ya bi ta tsakin ya bar saura. Mai haƙoran ƙarfe biyu ake so, wanda ake iya matse shi ko sassauta shi kaɗan-kaɗan. Na hannu ma ya wadatar, kuma bai damu da ɗaukewar wuta ba. Idan kuɗi bai isa duka biyu masu kyau ba, a rage a inji a ƙara a maniƙa.

Awon da ke aiki a rariyar kofi biyu shi ne giram 15 na gari, a fitar da giram 30 na kofi, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. A fara sakin ruwa ta mariƙin ba gari, ya gasa ƙarfen da kofin sha, domin injin ba shi da tukunya, ruwan na zafi ne yayin da yake ratsa wani dunƙulen ƙarfe, kuma mariƙi mai sanyi zai sace zafin. A goge rariya ta bushe, a zuba gari, a baje shi da tsinke har dunƙule ya watse, a daɓe shi daidai ba karkata. Ƙarfin dannawa bai kai daidaiton muhimmanci ba. Injin ba shi da nauyi, sai an dafe shi da hannu ɗaya kafin a murɗa mariƙin, in ba haka ba ya bi ka.

Harshe ne alƙali. Kofin da ya zubo cikin daƙiƙa 15 da tsami, niƙan ya yi gwari-gwari, a matse maniƙa. Wanda ke ɗiga da ƙyar har ya haura daƙiƙa 40 da ɗaci da bauri, niƙan ya yi laushi da yawa. Idan tsami da ɗaci suka haɗu, ruwa ne ya samu ɓaraka a gefe saboda baje garin bai yi ba. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. A lokacin hunturu garin kan manne a jikin maniƙa ya yi ta tashi. Ɗigon ruwa ɗaya a kan ƙwayoyin kafin niƙa yana kashe wannan.

Bututun tururinsa matsakaici ne. Yana da hular ƙarfe mai zuƙo iska da kanta, kumfar kan yi manyan idanu. Madara mai sanyi, mililita 120 zuwa 150, a tsaya a digiri 60 zuwa 65, daidai lokacin da hannu ya kasa jure gindin jug. Kofi ake fara yi sannan madara. Idan aka juya tsarin, injin ya yi zafi fiye da kima, maɓallan su yi ta ƙyaftawa har sai an buɗe bututun ruwa ya fita ya huce. Ana gamawa a goge bututun da jiƙaƙƙen tsumma, a saki tururi na daƙiƙa biyu, don madarar da ta koma ciki ta bushe ita ke toshe shi.

Ruwa shi ne ajalin irin wannan inji. Leƙa gindin butar dafa shayinka: idan akwai farin alli a daskare, to shi zai taru a bututun injin, wanda siriri ne ƙwarai. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da dama haka suke. Alamun su ne kofi ya rage zafi, zubarsa ta ragu, kukan famfo ya canza. A yi amfani da ruwan da aka tace ko na gora mai ƙarancin ma'adinai, amma ban da ruwan da ba shi da ma'adinai ko kaɗan, irin wanda ake ƙara wa batir, domin yana sa kofi ya yi lami. Injin na da saitin taurin ruwa hawa uku, da shi yake lissafin ranar da fitilar tururi za ta koma ruwan lemo. Ƙidaya yake yi, ba ganin allin yake ba, don haka mai ruwa mai tauri da ya bar saitin a kan mai laushi ya yaudari kansa. Wankin kuwa: mililita 100 na maganin narkar da alli, a cika da ruwa zuwa alamar tanki, a bar shi ya yi zagayensa na wajen minti 25, sannan a ɗauraye da cikakken tanki na ruwa mai tsabta. Ruwan khal ba ya cikin abin da kamfanin ya yarda da shi, ga wari mai naci.

Sauran kulawar ba wuya. Kullum a zubar da dusar kofi nan take, a saki ruwa ya wanke fuskar da mariƙi ke mannewa. Dusar kan fito da laima, wani lokaci da ruwa kwance a kai. Ba lalacewa ba ce, injin ne ba shi da bawul ɗin da ke sauke matsi bayan an gama. Saboda haka kuma ba a yi masa wankin nan da ake toshe rariya a mayar da ruwa baya, kuma a ɗan jira kafin a kwance mariƙi don kada ya yi feshi. Duk mako a jiƙa rariya a ruwan zafi, a zura allura a ƙofar mai gindi biyu. Ruwa na tsiyaya ta gefen mariƙi? A goge garin da ya maƙale a baki; idan bai daina ba, zoben robar ya bushe, canza shi aikin sukundireba ne na minti goma.

Mai shan kofi da madara kullum zai fi jin daɗin injin Bambino, wanda ake sayarwa da sunan Sage a Ingila, Breville a Amurka: mariƙinsa milimita 54 ne, yana zafi cikin daƙiƙa uku, tururinsa ya fi ƙarfi. Mai son injin da za a yi ta kwancewa ana gyarawa shekara da shekaru ya dubi Gaggia Classic, mai mariƙi milimita 58 irin na shaguna da bawul ɗin sauke matsi, sai dai ya fi tsada, ya fi cin wuri, kuma yana son a kunna shi minti 10 zuwa 15 kafin kofin farko.