Falgore ko Ngel Nyaki: ina ɗalibin Kano zai je bincike?

Ɗalibin Jami'ar Bayero da ke nazarin tsirrai, idan lokacin binciken daji ya zo, Falgore ce ke fara faɗo masa a rai. Tana nan cikin jihar Kano, wajen Tudun Wada da Doguwa, mutum zai bar birni da asuba ya isa kafin azahar. Itatuwanta namu ne na gida, irin su doka, maje da ɗorawa. Sai dai masu sare itace sun yi mata illa, ga fargabar tsaro.

Ngel Nyaki kuwa tana can saman tsaunin Mambilla a jihar Taraba, sama da mita 1,400 daga matakin teku, inda hazo da sanyi ba sa rabuwa da daji. Akwai tashar bincike da masana daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan suka kafa, kuma an keɓe fili mai kimanin hekta 20 inda aka auna itatuwa ɗaya bayan ɗaya, aka maƙala wa kowanne lamba. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni: ɗalibi zai tarar da bayanan shekaru ya ɗora nasa a kai. Zai ga yadda birai da tsuntsaye ke baza iri, da yadda gobarar daji da kiwo ke cin gefen kurmin. Tafiyar ce dai mai nisa da tsada.

A ganina, mai digirin farko ya tsaya Falgore. Wanda ke neman digiri na biyu ko na uku kuwa, ya nemi tallafi ya haura Mambilla.