Mai gyaran wayar PZ da ya ceto min aikin sati uku

Abokan aiki sun dame ni da tambayar ina na kai wayata bayan abin da ya same ni, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Wani ɗan ƙaramin shago ne a PZ, nan Sabon Garin Zariya. Ba zan kama suna ba, shi da kansa ya roƙe ni kar in yi, kuma na fahimce shi, mai neman na tuwo ba ya son a san wayar 'yan jarida na kwana a hannunsa. Duk mai buƙata ya neme ni in kwatanta masa.

Na je ɗaukar rahoto ne wajen rabon kayan tallafi, mata sun yi layi tun asuba har rana ta take ba a fara ba, ina cikin naɗar muryar wata tsohuwa tana ce min sau uku ana rubuta sunanta ko mudu ɗaya ba ta taɓa gani ba, kawai sai wani ɗan jagaliya ya fizge wayar ya maka ta da ƙasa ya bi da ƙafa ya take. Katin aikina na rataye a wuyana fa. "Wa ya aiko ki?" shi kenan abin da yake ta maimaitawa.

Sikirin ya yi raga-raga, waya ta ƙi kawo wuta. Shago biyu na fara zuwa, ɗaya ya ce sai an canza fanel, ɗayan ya ce in bar ta ya yi mata filashin in dawo gobe, wato a goge komai kenan. Ni kuwa hirarrakin sati uku ne a ciki, ga lambobin mutanen da suka ba ni labari bisa amana, har da wani ma'aikacin gwamnati da in aka san ya yi magana da ni to aikinsa ya tafi, in ma abin ya tsaya a nan.

Wannan yaron da na miƙa masa sai ya juya ta ya ce, "Anti, wayar kike so ko abin da ke cikinta?" Wallahi nan take na ji hankalina ya kwanta. Ya sa na cire sim da memori da hannuna na saka a jaka, ya buɗe ta a gabana, ya hura mata zafi ya ɓamɓare gilashin a hankali da wani siririn ƙarfe, ya leƙa da madubinsa ya ce fanel lafiyarsa ƙalau, mahaɗin sikirin ne ya tsinke. Ya jona wani tsohon sikirin na gwaji sai ga ta ta kawo. Da aka zo sa lambar sirri ya juyo min da wayar ya kau da kansa gefe yana kallon titi har na gama. Kuma ya ƙi kwafe komai a kwamfutarsa, ya ce in sayi filashi na ajiyar bayanai nawa a zuba min in tafi da shi, don shi ba ya son ajiyar da ba tasa ba.

Wanda ba ya wannan aikin zai ga kamar ƙaramin abu ne. A ƙasar nan waya ake fara nema kafin a nemi mai ita. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya sha kai 'yan jarida bayan kanta, an yi wa dokar gyara a Fabrairun 2024 amma ko wata uku ba a yi ba aka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu na kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ a Legas, ya yi fiye da mako a tsare. A Kaduna Luka Binniyat kusan wata uku ya yi a tsare daga Nuwamban 2021 kan rahoton da ya rubuta. Lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda har aka sa mana dokar hana fita ta awa 24 a Zariya da Kaduna, ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ƙirga aƙalla 'yan jarida 56 da aka daka ko aka ci wa zarafi. Abin na min ciwo musamman da yake a garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, amma yau riƙe waya a gaban layin shinkafa ya zama laifi.

To yanzu inda ya gaza, don ba zan ɓoye ba. Alƙawarinsa na lokaci sai haƙuri. Ya ce sabon sikirin zai iso daga Farm Centre ta Kano washegari, sai da na yi kwana uku ina sintiri daga Tudun Wada, kuɗin keke kaɗai ya ishe ni. Shagon ƙunci, benci ɗaya ne, in aka ɗauke wuta sai a jira maƙwabci ya tada janareta. Sikirin ɗin ma ba orijinal ba ne, ya faɗa min gaskiya tun farko, a rana ba a gani sosai sai ka kare da hannu. Naira 32,000 na biya duka, ba rasit, kuma na san akwai inda zan samu ƙasa da haka.

Amma zan koma, kuma na riga na tura mutum biyu. Kafin in tafi ma ya saita min yadda duk abin da na naɗa zai riƙa hawa Google Drive da kansa, yana cin data kam amma ko an sake fasa waya aiki na nan. Ya kuma ce in cire buɗewa da yatsa in koma lamba shida, "Anti, yatsa ana iya kama shi a ɗora, lamba kuwa sai kin faɗa."

Da na isa gida na kunna muryar tsohuwar nan, tana nan tsaf minti huɗu da 'yan daƙiƙu, har inda ta ce "'yar nan ki kai kukanmu" sannan ƙarar faɗuwar wayar. Haka na tura wa edita ban yanke ƙarar ba.