Borin injin 110, YX140 ko Zongshen 190: wanne ya dace da ƙaramin babur na tseren ƙasa?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya kawo tambaya. Yana da ƙaramin babur ƙirar China, irin waɗanda aka kwaikwayo daga Honda CRF50, tayar gaba inci 14, ta baya 12, da injin 110 a ciki. Yana so ya shiga tsere a ɗan gajeren fili mai kwana-kwana da tudun tsalle. Tambayarsa ita ce: ya kai injin a yi masa borin ne, wato a faɗaɗa ramin bulo a sa fistin mafi girma, ko ya canza inji ya sa YX140, ko ya tsallake kai tsaye zuwa injin Zongshen 190?

Ɗan'uwa, in firam ɗinka wannan ne kuma filin gajere ne, YX140 za ka saka. Ga dalili, da abin da kowace hanya za ta jawo maka.

Abin da ya sa musanyar take yiwuwa shi ne duk injinan nan uku jikokin injin Honda Super Cub ne na 1958, mai silinda a kwance. Shi ne irin wanda ke cikin roba-roba da ake hawa a garuruwanmu. Kusoshi biyu masu kaurin milimita 8 ke riƙe shi a firam, ɗaya sama ɗaya baya ta ƙasa, sai wasu huɗu a ƙarƙashinsa da ke riƙe matakin ƙafa. Injin CG125 mai tsayuwa ba ya cikin wannan dangi, ba zai zauna ba sai an yanka firam an yi walda, kuma ba ma ba da shawarar haka ga babur ɗin da zai yi tsalle.

Ga ma'aunin kowanne, faɗin fistin da tsawon tafiyarsa:

Injin 110: milimita 52.4 da 49.5, wato cc 107, ƙarfin doki wajen 7, giya huɗu.
YX140: milimita 56 da 57, cc 140, ƙarfin doki wajen 11 zuwa 12, giya huɗu.
Zongshen 190: milimita 62 da 62, cc 187, ƙarfin doki wajen 17, giya biyar, da sitata ta batir.

Mu fara da borin, don nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Fistin mafi girma da aka saba samu na gyaran bulo ƙarin milimita ɗaya ne. Ka lissafa: 53.4 da 49.5 ya ba ka cc 111, ƙarin cc huɗu ke nan. Ko ka sayo sabon bulo mai milimita 54, a cc 113 za ka tsaya. Injin da ake kira 125 bai kai cc 125 ta faɗin fistin ba, karanshaf ɗinsa ne ya fi tsawon tafiya, 54 ko 55.5. Don haka mai son mayar da 110 ya zama 125 sai ya raba injin gida biyu, ya canza karanshaf da bulo da dogayen kusoshin silinda da sarƙar taimin. Kafin a gama, kuɗin kaya da na bakanike sun doshi na sabon inji, kuma giya da kulocin nan na 110 ne dai ke ɗaukar nauyin. Inda faɗaɗa bulo yake da riba shi ne a kan ainihin CRF50: daga milimita 39 zuwa 52, cc 49 ya koma 88. Haka Kawasaki KLX110, fistin 60 ya mayar da shi 143. A kan 110 na China kuwa, borin magani ne na injin da ke hayaƙi, ba ya ƙara gudun da za ka ji a jikinka.

Akwai wata matsala kuma in injin naka irin na roba-roba ne. Kulocinsa mai sarrafa kansa ne, yana kan karanshaf, ba ka da hannun kuloci da za ka ɗan ja injin ya ɗauki murya wajen fita daga kwana. YX140 da 190 kulocinsu na hannu ne, a kan sandar giya yake, ana iya tada su a cikin giya in an kama kuloci. Wanda babur ya taɓa mace masa a tsakiyar tsere ya san darajar wannan.

Wajen shiga firam, YX140 yakan zauna a gurbin 110 ba gardama. Abin dubawa biyu ne: bulonsa ya ɗan fi tsawo, kuma salansar 110 ba lalle ta kai inda take kamawa ba. Shi 190 ramukan kusoshinsa su ma suna dacewa, shi ya sa yake ruɗar mutane. Amma ya fi tsawo da faɗi da nauyi, ga sitata a kansa, ga batir da za ka nemar wa wuri a babur ɗin da ba a yi masa gidan batir ba. Kafin ka tada kowanne, ka ɗaure shokin gaba da igiyar ɗaure kaya ka danne shi har ƙarshe, ka juya kan babur hagu da dama. In tazarar taya da kan silinda ba ta kai yatsa ɗaya da rabi ba, ranar da ka dira daga tsalle taya za ta daki inji, gaba ya cije, ka wuce ta saman kan babur. Da tayar gaba inci 14 a ɗan gajeren firam, 190 ya fi faɗawa wannan tarko.

Ka kuma lura firam irin na CRF50 ba shi da ƙarfe a ƙarƙashin inji, rataye injin yake. Kunnuwan da kusar sama ke ratsawa su ne ke fara tsagewa. Da YX140, farantin ƙasa mai haɗa inji da firam ya wadatar. Da 190 sai firam babba mai ƙarfe zagaye da inji.

Kaburata. Ta 110 ƙarama ce, PZ19 ko PZ22, za ta shaƙe YX140. Shi yana son mai bakin milimita 26, Mikuni VM22 ko Molkt, tare da wuyan da ya dace da ita. 190 kuma PE28 aka saba sa masa. Jet shi ne ɗan ƙarfe mai huji da ke auna man da ke shiga inji; a kan VM22 ka fara da babban jet 95 zuwa 100, ƙaramin 15, allura a tsakiya, sannan ka bi da gwaji. In ka murɗa totur farat ɗaya injin ya yi kamar zai ɗauke, mai ya yi kaɗan. In yana tari da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. Launin da ake nema a bakin fulogi shi ne ruwan ƙasa mai haske. Ɗan sukurun gefe yana rikita masu gyara: in yana ɓangaren inji, mai yake ƙarawa in an kwance shi, in yana ɓangaren filta, iska yake ƙarawa. Wuri ma yana da tasiri. Jet ɗin da ya yi daidai a Kano zai iya yin yawa a Jos, saboda iskar tudu ba ta kai ta ƙasa kauri ba.

Filta kuma ta soso ce, a shafe ta da man filta a matse. Busasshen soso ko filtar raga a lokacin hunturu, ƙura za ta cinye ringi da bulo tun ba a je ko'ina ba, ko wane inji ne.

Ta fannin wuta, 110 da YX140 galibi CDI ɗinsu, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta, iri ɗaya ne, mai ƙafa biyar, da launin waya irin na Honda: baƙi da ja daga kwayil ɗin cikin inji, shuɗi da fari na taimin, kore na ƙasa, baƙi da rawaya zuwa kwayil ɗin fulogi, baƙi da fari na kashewa. Fulogi ma C7HSA ne, tazarar baki milimita 0.6 zuwa 0.7. In ka gama haɗawa babu wuta, fara cire wayar kashewa ka gwada, yawanci makunnin ne ke taɓa ƙasa. Shi 190 kada ka saye shi tsirara. Ka karɓo shi da CDI ɗinsa da wayoyinsa da rilen sitata da na'urar cajin batir, don na 110 ba za su yi masa aiki ba.

Sarƙa da sufuroket sun fi komai sauya halin babur a gajeren fili, kuma su ne mafi araha. Sarƙa 420 da 428 tazarar haƙorinsu ɗaya ce, milimita 12.7, amma 428 ta fi faɗi kuma rolarta ta fi kauri. Kada ka gauraya: sufuroket na gaba da na baya da sarƙa duk su zama lamba ɗaya. 420 mai kyau ta ishi YX140, 190 kuwa 428 ta fi masa. Sandar sufuroket ta gaba iri biyu ce a kasuwa, milimita 17 da 20, ka auna taka kafin ka saya. Da tayar baya inci 12, fara da haƙori 15 gaba 41 baya, wato 2.73 in ka raba na baya da na gaba. In babur yana nauyin tashi daga kwana, sauka zuwa 14, ya zama 2.93. Daidai yake da ƙara haƙora uku a baya, 15 da 44. Kada ka yi ƙasa da 13 a gaba, sarƙa tana saurin lalacewa kuma tana cin robar da ke kan hannun tayar baya. Bayan musanyar inji ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a jikin sufuroket na baya ka ga ko ya nufi na gaba. In sun saɓa da ko milimita biyu ne, sarƙa za ta riƙa fita, kuma in ta fita da gudu takan fasa murfin inji.

Abin da ya fi karyewa a YX140 guda biyu ne, kuma duk daga hannun mai shi suke. Na farko sandar sufuroket ta gaba. Sarƙa ta fi ɗamewa lokacin da sufuroket na gaba da kusar hannun baya da akis ɗin taya suka yi layi ɗaya, wato sa'ad da shok ya danne. Wanda ya ɗame sarƙa babur yana tsaye ba kowa a kai, tsalle ɗaya zai ja sandar ta lanƙwashe ko boris ya tafi. Danne bayan babur har su yi layi, ka bar sassauci milimita 10 zuwa 15 a wurin. Na biyu giyar kik. Injin yana da matsi, in ka tattaka shi rabi-rabi kana murɗa totur zai mayar da bugu, haƙorin giya ya ɓalle. Taka a hankali har ka ji tauri, ka ɗan wuce wurin, ka mayar da kik sama, sannan ka taka sau ɗaya har ƙasa ba tare da totur ba. 190 sitata ta raba shi da wannan, sai dai batir da ya mutu a ranar tsere shi ma ciwon kai ne.

Wajen sayen kaya, YX140 da Lifan 140 ba abu ɗaya ba ne. Na Lifan fistinsa 55 ne, tafiya 59, kuma fil ɗin fistinsa ya fi kauri. Ka tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu. A nan 110 ya fi su duka: fistinsa da ringi da gasket duk shagon kayan babur akwai, na 140 da 190 kuwa sai an yi oda, don haka ka ajiye gasket da ringi da faifan kuloci tun kafin ka buƙace su.

Zafi. Injinan nan iska ke sanyaya su, man cikinsu bai kai lita ɗaya ba. A gajeren fili ana ta ihu a giya biyu da uku ba iskar kirki, ga zafin bazara. 110 zai jure. YX140 da 190 a sa musu ƙaramin lagireton mai, a ƙara ɗan mai don cike bututunsa, a duba sandar awo bayan an tada an kashe. Man ya zama na babur mai alamar JASO MA, 10W-40 ko 20W-50. Wasu man mota suna sa kuloci santsi, tunda a cikin mai yake wanka.

Sai birki da shok, waɗanda ba a tambaya ba amma su ne ke yanke hukunci tsakanin 140 da 190. Ƙarfin 190 ya ninka na 110 fiye da sau biyu. A kan birkin ganga da siririn shok, ƙarfin ya fi abin da zai riƙe shi. Yana buƙatar birkin faifai gaba da baya, akis milimita 15 maimakon 12, shok mai kauri da doguwar ƙafa, wato kusan sabon babur. A fili mai kwanoni kusa da juna giya ta biyar ba za ta shigu ba, tayar baya kuma sai ta yi ta tonon ƙasa a banza. In filin naku dogo ne mai yashi, kuma kana da firam babba mai taya inci 17 da 14, to a nan 190 ya fi. Ka kuma tambayi masu shirya tseren tukuna. A Amurka da Ingila da Faransa ana raba aji ne bisa girman inji da na taya, kuma 190 kan jefa mutum ajin da ba iyaka, cikin waɗanda suka kashe kuɗi sosai.

In YX140 ya iso, juye man da ya zo da shi, na ajiya ne. Saita bawul injin yana sanyi, alamar T ta fulawil tana kan tsaga, fistin yana sama a bugun matsi: tazarar milimita 0.08 na shiga, 0.10 na fita. Sa maganin kama noti a kusoshin inji da na sufuroket na baya. Sa'ar farko ka riƙa sauya giya da murya, kada ka riƙe totur a ƙarshe, sannan ka juye mai da ɗuminsa, za ka ga ɗan garin ƙarfe a ciki, ba abin damuwa ba ne. Sake auna bawul a lokacin, don sabon inji yakan matse su, kuma bawul da ya matse shi ne ke sa babur ƙin tashi in ya yi zafi.