Abin da katin inshorar lafiya ya yi mini da abin da ya bar ni da shi a Legas

Shekara biyu ke nan ina biyan kuɗin inshorar lafiya ta gwamnati a nan Legas, amma sai a watan jiya, da maiɗakina ta zo haihuwa, na san ainihin abin da na saya. Aikina riƙe littafin lissafin wani dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, gidana kuma yana Agege. Ranar da jami'ai suka zo kasuwa suna rajista ban yanki katin da daɗin rai ba, domin abokan zamana a rumfa sun yi ta yi mini dariya, suna cewa na zuba kuɗi a rijiya gaba dubu, wasu ma suka kawo maganar halacci, har sai da malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa ya ce shi a fahimtarsa taimakekeniya ce, mai lafiya ya tallafa wa marar lafiya. A tsawon wannan lokaci katin bai wuce awon ciki da zazzaɓin yara ba.

Cikin yana wata tara ƙafafunta suka kumbura, ranar wata Laraba kuma da misalin ƙarfe 1 na dare ta tashe ni da ciwon kai mai tsanani, tana cewa idonta yana ganin dishi-dishi. Wani maƙwabci mai Keke ya kai mu ƙaramin asibitin da katinmu yake, ungozoma ta auna jininta sau biyu, ba ta ce mini komai ba sai ta rubuta takardar tura mu babban asibitin gwamnati, ta ce kada mu tsaya ko'ina. A hanya ba abin da nake lissafawa sai kuɗi. Shekara huɗu da suka wuce na kai ƙanena wani asibitin kuɗi bayan hatsarin babur, aka ƙi taɓa shi sai da na ajiye kafin alƙalami, duk da cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Saboda haka tun muna cikin Keke na bugo wa maigidana waya, na ce, "Alhaji, a gafarce ni da tashin dare, wataƙila da safe in nemi rance." Ya ce in je kawai, Allah ya raba lafiya.

Matar da ke teburin karɓar marasa lafiya ta amshi katin da takardar, ta danna lambar a kwamfuta, ta ce in zauna. Wani likita matashi, wanda da ganinsa ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, ya fito ya ce mini, "Malam, jinin matarka ya hau sosai, muna tsoron jijjiga, kuma bugun zuciyar jaririn yana raguwa, don haka tiyata za mu yi yanzu." Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa zan kawo?" Ya miƙo mini takardar amincewa ya nuna inda zan sa hannu, ya juya ya tafi. Na zauna a benci hannuna yana cikin aljihu a kan katin banki, ina jiran wanda zai zo ya kira ni gefe ya faɗi adadi, har ladan ya kira sallar asuba a wani masallaci da ke bayan katanga ba wanda ya zo. Na shimfiɗa kwali a baranda na yi salla, ina sallamewa wata nas ta leƙo ta ce an sami 'ya mace, uwa da 'ya suna lafiya. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin tiyatar haihuwa a Legas ya san abin da na tsallake a daren nan: da jarin da nake tarawa ya tafi gaba ɗaya, kuma da na ƙara da bashi. A wannan safiya da an ce in ba katin maki, da na ba shi goma bisa goma, kuma abin da na faɗa wa duk wanda ya kira yi mini barka ke nan.

Washegari aka ba ni takardar magunguna da kayan wanke ciwo, abu shida, na je tagar masu inshora a ɗakin magani. Bayan layin sa'a ɗaya da rabi aka ba ni biyu, aka ja layi a ƙarƙashin huɗu aka ce babu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, ina juyowa na ga wani mutum a tagar masu biya da kuɗi hannu yana karɓar irin allurar da aka ce mini babu, kwali ɗaya, suna ɗaya. Na koma na yi magana cikin ladabi, aka ce wannan kayan wani asusu ne daban, ba na masu kati ba. Na fita na tsallaka titi zuwa kemis ɗin da ke kallon ƙofar asibitin, wanda da alama rabin cinikinsa daga irinmu ne, na saya da kuɗina. Haka na yi kwana biyar a jere.

Wani ma'aikacin ɗakin maganin, dattijo mai haƙuri, shi ya zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake. Ya ce ƙananan cututtuka ana ba asibiti wani ƙayyadadden kuɗi ne a kan kowane mai kati duk wata, ya zo ko bai zo ba, manyan ayyuka kamar tiyata kuwa ana biya ne bisa farashin da aka rubuta tun farko, bayan an sami lambar amincewa daga ofishin inshora. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, farashin da ke takarda kuwa ba ya bin kasuwa da wannan sauri, biyan ma yakan yi jinkiri, don haka asibiti yakan ga asara ce ya ba mai kati maganin da ya sayo da tsada. Ni mai lissafi ne, na gane maganarsa sarai, domin ba dillalin da zai sayar da buhun albasa a farashin bara. Sai dai ba ni na rubuta farashin ba, kuma ranar da nake biyan kuɗin shekara ba wanda ya ce mini akwai tagar da ta fi tawa.

A rana ta uku idon jaririyar ya yi rawaya, likita ya ce shawara ce, a sa ta ƙarƙashin fitila. Nan kuma lambar amincewa ta tsayar da mu tun daga hantsi har bayan la'asar, yanzu a ce intanet ya ɗauke, an jima a ce wanda zai amsa a can ofishin bai amsa ba. Na ce a bar ni in biya a fara, daga baya a mayar mini, aka ce idan na biya shi ke nan na fita daga tsarin a kan wannan aikin. Na tsaya ina kallon yarinya tana ƙara rawaya saboda wasu lambobi da ba su iso ba. Jinin da aka ce in kawo mutum biyu su mayar ban ji haushinsa ba ko kaɗan, 'yan'uwa biyu daga kasuwa suka zo suka bayar, domin ledar da aka ƙara wa matata wani bawan Allah ne ya bayar da ita.

A gadon da ke kusa da na maiɗakina akwai matar wani ɗan cirani mai tura kurar ruwa, ita ma tiyata aka yi mata, ba su da kati. An sallame ta tun kafin mu zo, amma ba ta tafi ba saboda kuɗin asibiti bai cika ba, mijin kuma kullum da yamma yakan zo da abin da ya samu ya rage. Sai da aka yi masa karo-karo a masallaci bayan sallar Juma'a suka fita. Na tambaye shi me ya hana shi yankar kati, ya ce bai taɓa jin labarinsa ba, kuma ko ya ji, mutumin da yake neman na yau da yau ba ya iya fitar da kuɗin shekara a zama ɗaya.

A kan wannan muka yi doguwar gardama da yayana da ya zo suna. Shi a ganinsa duk maganar kati yaudara ce, ƙasa mai arzikin mai ya kamata ta yi wa kowa magani kyauta kamar Ingila. Na ce, "Yaya, na Ingila da aka kafa a 1948 ba daga sama yake faɗowa ba, daga haraji ake biya, mu kuwa nawa ne a kasuwa muke yarda a rubuta ainihin cinikinmu?" Ya ce ai mai kurar ruwan nan ma yana biyan tikiti kullum, kuma duk abin da ya saya akwai haraji a ciki, to ina rabonsa? A nan ban sami amsa ba. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba, kuma har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya yake fitowa. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa tare da kafa asusun masu rauni. Duk wannan yana rubuce, amma ni mai albashi aka yi wa matata tiyata ba ko sisi, mai kurar ruwa kuma aka bar shi da faranti a ƙofar masallaci, alhali likitan da ya yi mana aiki da wutar da aka kunna duk da kuɗin jama'a ne, har da nasa.

Maigidana ma yana da nasa ƙorafin, domin katin iyali mace ɗaya da 'ya'ya huɗu yake ɗauka, shi kuwa matansa uku, ya ce ba zai shiga gida ya zaɓi wadda za a rubuta ba. A wannan kam ina ganin mai iyali da yawa ya dace ya ƙara kuɗi, amma a sauƙaƙa masa hanyar ƙarawa.

Makin goma da na bayar a safiyar farko na janye shi, yanzu shida nake bayarwa, biyar daga ciki na daren tiyata ne da likitan nan da ban ma san sunansa ba. Na sabunta katin a makon jiya, na kuma sa jaririyar a ciki, amma na ware wani kuɗi daban a gida saboda kemis ɗin tsallaken titi. Rasit goma sha ɗaya na magungunan da na saya suna nan cikin ambulan, na kai su ofishin sau biyu don a mayar mini da kuɗina, an ce in dawo ranar Talata.