Bruce Lee ko Jackie Chan?

In faɗa mai zafi kake nema a fim ɗin Chanis, Bruce Lee ne naka. Wajen malaminsa Ip Man ya koyi salon faɗan Wing Chun a Hon Kon, kuma ba ya jan zance: ihu ɗaya, naushi biyu, mutum na ƙasa. Ya rasu a 1973 yana ɗan shekara 32.

Jackie Chan kuwa, wanda ya taɓa shan duka a hannun Bruce cikin fim, daga 1978 ya cakuɗa faɗa da barkwanci a finafinan yaren Kanton. Benci, tsani, laima, komai makami ne. Sai ya kai naushi ya koma yana yarfe hannu don zafi. Ya taɓa faɗowa daga bishiya wajen ɗaukar fim, ƙoƙon kansa ya tsage. Ni dai nasa nake maimaita kallo.