Antibodin Zomo Mai Tushe Ɗaya: Wace Hanya Za Ka Zuba Wa Kuɗinka?

Malam, idan kana bincike a Jami'ar Bayero ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma tallafin da ka samu ya kai a haɗa maka antibodin zomo mai tushe ɗaya (furotin ɗin garkuwar jiki da ya fito daga zuriyar ƙwaya guda, mai kama abu ɗaya tak), tambayar farko da kamfani zai yi maka ita ce: ta wace hanya? Zaɓen zomo kam ka yi daidai. Antibodinsa ya kan riƙe abin da aka yi shi dominsa gam, yana kuma gane ƙananan sinadaran da garkuwar jikin ɓera ba ta kulawa da su. Antibodin SP1 da ake gwajin sankarar mama da shi ma daga zomo ya fito.

Tsohuwar hanya ita ce haibiridoma, wadda Köhler da Milstein suka ƙirƙiro da ɓera a 1975. Zomo bai samu tasa ba sai 1995, a Jami'ar Loyola ta Amurka. Ana haɗe ƙwayoyin saifar zomo da ƙwayar ciwon daji, su yi ta haihuwa suna fitar da antibodi. Amma na zomo ba su cika ɗorewa ba. Wasu da an daɗe ana renonsu sai su daina. Ga kuma ajiya: dole sai cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ranar da tulun ya ƙafe aikin shekara ya tafi. Wannan ne ya fi damuna da ita.

Ta biyu, hanyar faj (wani bairos mai kama bakteriya), da George Smith ya assasa a 1985, tana tace miliyoyin samfura cikin kwalba. Sai dai tana gauraya sarƙoƙin antibodin biyu, babba da ƙarama, ba yadda jikin zomo ya haɗa su ba, kuma ƙaramar sarƙar zomo na da ƙarin sistin (ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin) da ke wahalar da bakteriyar da ake aikin da ita.

Ni dai ta uku nake ba da shawara: a tsamo ƙwayar B guda ɗaya (ƙwayar garkuwar jiki mai yin antibodi), ko daga jini ma ba sai an yanka zomon ba, a kwafo DNA ɗin sarƙoƙinta biyu, a sa cikin ƙwayoyin HEK293 ko CHO, waɗanda ake reno a ɗakin gwaji, su dinga fitar da antibodin. Haɗin asali na nan, ga sauri. Tana buƙatar injin tace ƙwayoyi mai tsada, shi ya sa akasari waje ake turawa.

Kafin ka sa hannu, don Allah ka tabbata yarjejeniya ta ce jerin DNA ɗin mallakarka ne, a rubuce. Da shi a hannu, ko injin sanyi ya mutu sai a sake haɗawa. Falasmid ɗin ma, wato zoben DNA da ke ɗauke da jerin, ana iya busar da shi a kan takarda, ya sauka filin jirgin Malam Aminu Kano ba tare da ƙanƙara ba.

In kuwa antibodin sanannen furotin kake nema, kada ka ɓata kuɗin tallafi. Sayi wanda ke kasuwa, amma ka nemi shaidar an gwada shi a ƙwayoyin da aka cire wa wannan furotin.