Gaurayen ƙwayar leda mai araha: inda take aiki da inda take ba da kunya

Wannan ƙwaya ita ce wadda masu sake narka roba ke sayarwa a buhu mai kilo 25, galibi haɗin ledar fiyawata da niƙaƙƙun jarkoki. Kuɗinta bai kai na sabuwa ba. Sai dai kasancewarsu duk nau'in robar da ake kira polietilin ba ya nufin za su narke su zama abu guda.

LDPE, polietilin mai laushi na yin leda, mai lamba 4 a alamar da ake bugawa jikin roba, tana narkewa tsakanin digiri 105 da 115 a ma'aunin Celsius. HDPE ta jarka, mai lamba 2, sai ta kai 130 zuwa 135. LLDPE, wani nau'in polietilin na yin leda, tana tsakiya, wajen 120 zuwa 125. HDPE da LLDPE sukan haɗu lafiya domin sarƙoƙin sinadarin da suka gina su miƙaƙƙu ne. LDPE kuwa dogayen rassa gare ta, shi ya sa in ta huce tare da HDPE kowace ke daskarewa daban, ledar ta yi saurin yagewa.

Babban aibin wannan buhu bambancin kauri ne bayan narkewa. A gwajin kwarara, wanda ke auna yawan narkakkiyar robar da ke fitowa, na digiri 190 da nauyin kilo 2.16, robar jarka ba ta kai giram 1 a minti 10, ta bokiti kuwa ta ninka haka sau da yawa. Mai ruwa-ruwa sai ta zame ta wuce, mai kauri ta fito a dunƙule: ƙuraje a jikin leda, balan-balan na rawa a injin hurawa, can ya fashe. Ga kuma PP, wata roba daban da polietilin, mai lamba 5 da ke shigowa daga murafe. Ita ma tana taso kan ruwa kamar polietilin, don haka kwamin wanki ba ya raba ta, kuma sai digiri 160 zuwa 165 take narkewa.

Ga baƙar ledar shara mai kauri, ta biya kuɗinta. A zuba kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a kan sabuwar LLDPE, zafi tsakanin 180 da 200, a yawaita canza ragar tacewa, a kuma busar da ita tukuna, domin danshi na huda leda. Siririyar leda da duk abin da zai taɓa abinci ko ruwan sha, kada a kusance su da ita. Mai saye ya nemi buhun da aka niƙa daga kaya iri ɗaya, ko da an ɗora masa kuɗi.